Kaɗanya a Gonakin Afirka ta Yamma

Manoma ba su saba dasa kaɗanya ba. Da kanta take tsirowa, sai mai sharar gona ya bar ta tsaye tare da ɗorawa, ya shuka gero da dawa a tsakaninsu. Binciken kufai a Kirikongo, ƙasar Burkina Faso, ya nuna ana sarrafa ƙwarar kaɗanya tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. A ƙarshen ƙarni na 18 wani matafiyi Bature, Mungo Park, ya tarar da cinikin man kaɗe a ƙasar Bambara. Itaciyar takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, shi ya sa al'ada a wurare da yawa ta hana sare ta. Tsintar ƙwara da fitar da mai kuwa aikin mata ne tun asali, kuma yau kamfanonin cakulan da na man shafawa suna saye.