Masu Tayar da Fata Tsaye

A cocin Westminster da ke Landan akwai wani aku, irin na nahiyarmu, ruwan toka mai jan wutsiya, wanda ya mutu a 1702 amma har yau yana nan tsaye, domin an cushe fatarsa an tayar da shi. Na wata basarakiya ne, Frances Stuart. An ce shekara 40 suna tare, da ta rasu bai daɗe ba ya bi ta. Da aka haska shi da na'urar hoton ƙashi, sai ga ƙasusuwansa duk a ciki, har ƙoƙon kai. Tsararrakinsa sun ƙare tuntuni, domin babban abokin gabar masu cushen dabbobi a wancan zamani asu ne da ƙwari. Mutum ya sha wahalar fiɗa, ya shafe fata da gishiri da kayan ƙamshi, kafin wasu shekaru gashin ya zube.

Wani mai haɗa magunguna a garin Metz na Faransa, Jean-Baptiste Bécoeur, shi ya yi maganin abin wajajen 1743. Ya kwaɓa sabulu da kafur da gubar arsenik, ana shafawa ta cikin fata, ƙwaro bai isa ya kusanta ba. Ya ɓoye sirrinsa har ya mutu a 1777, sai farkon ƙarni na 19 Louis Dufresne na gidan tarihin halittu na Faris ya bayyana shi a rubuce. Daga nan sana'ar ta zama kasuwa. Turawan mulkin mallaka na harbo namun daji a Afirka da Indiya, fatu na kwarara Turai, shaguna irin na Rowland Ward a Landan na tayar musu da kan ɓauna da damisa su rataya a falo.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, ko da yake yana ɓata mini rai. Wajajen 1830, Jules Verreaux, ɗan gidan wasu dillalan wannan sana'a a Faris, ya tono gawar wani Ba'afirke a kudancin nahiyar, ya yi mata yadda ake yi wa dabba. Ta ƙare a wani gidan tarihi a Banyoles ta Sifaniya, ana kallo, sai a 2000 aka mayar da ita Botswana aka binne. Wannan wulaƙanci ne ga ɗan Adam, kuma da kayan aikin wannan sana'a aka yi shi.

To, ƙwari sun kau, amma siffa fa? A da ana ɗura ciyawa da tsumma ne a fata kamar mai cika matashin kai. Zakin fadar Gripsholm a Suwidin, wanda aka ce kyauta ce daga Aljeriya a 1731, shi ne shaida: idanu a matse wuri guda, harshe a waje, haƙora jere irin na mutum. Ban ga laifin wanda ya yi shi ba. An ce fata da ƙashi kawai aka miƙa masa, bai taɓa ganin zaki yana tafiya ba. Fata ba ta faɗa maka inda tsoka take.

Wanda ya gane haka sosai Ba'amurke ne, Carl Akeley. Yana saurayi ya sa hannu a tayar da Jumbo, giwar nan da aka kamo daga yankin Sudan, wadda jirgin ƙasa ya kashe a Kanada a 1885. Daga baya ya juya aikin gaba ɗaya. Sai ya auna dabbar tun a daji, ya tsayar da ƙwarangwal ɗinta yadda yake so ta tsaya, ya bi shi da yumɓu yana gina tsoka ɗaya bayan ɗaya, har jijiyar da ke tashi a wuya. Sannan ya fitar da zubin wannan siffa, ya yi gangar jiki marar nauyi mai rami a ciki, ya ɗora jemammiyar fata a kai, ya bi kowane lanƙwasa da yatsa yana kwantar da ita. A ganina nan ne cushe ya zama gwaninta, domin dole sai mutum ya zauna ya kalli dabba da ranta kafin ya taɓa gawarta.

Kallon nan kuwa ya canja shi. A 1921 ya harbe goggon biri biyar a tsaunukan Virunga don gidan tarihin New York, ya dawo yana kiran a hana kashe su. Da ƙoƙarinsa Sarki Albert na Beljiyam, ƙasar da ke mulkin yankin a lokacin, ya kafa gandun daji na ƙasa a wurin a 1925, na farko irinsa a Afirka. Akeley ya koma can a 1926, ciwo ya kama shi ya mutu, aka binne shi a tsaunin Mikeno. Zauren dabbobin Afirka mai ɗauke da sunansa a New York sai a 1936 aka buɗe shi.