Rasidin Haraji da Shaidar Talakawa: Taƙaddamar Cancantar Malam Aminu Kano a Zaɓen 1979

Gabatarwa

A ɗakin kakana da ke wani ƙauye a ƙasar Bunkure akwai wani tsohon gwangwani da ba a barin yara su taɓa. Ba kuɗi ne a ciki ba, ba kuma laya ba. Rasidan haraji ne da ya tara tun yana saurayi, wasu har gara ta ci gefensu. Duk lokacin da na taso daga Kumbotso na je gaishe shi a lokacin zaɓe, ya ji rediyo na musu a kan takardun wani ɗan takara, sai ya nuna gwangwanin ya ce: "Jikana, wannan musun ya girme ka. Da kunnena na ji an ce Malam bai cancanci tsayawa ba saboda haraji. Mu kuwa da muka biya harajin, shi muka zaɓa."

Wannan magana ita ce tushen rubutun nan. Manufarsa ita ce waiwayar taƙaddamar da aka yi a 1979 game da cancantar Malam Aminu Kano, domin a ga bambancin abin da takarda ke iya shaida da abin da hali kaɗai ke nunawa.

Haraji a Idon Talaka

Ba za a fahimci nauyin zargin ba sai an san matsayin haraji a rayuwar manomi. A zamanin En'e, da zarar kaka ta yi, umarni kan sauko daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Kowane baligi yana da kuɗin da aka yanka masa, makiyayi kuma yana biyan jangali a kan shanunsa. Ko damina ta yi kyau ko ta yi gardama, sai an biya. Wanda ya gaza yakan sayar da hatsin da iyalinsa za su ci, ko akuyar matarsa, ko ya tafi cin rani. Rasidin nan shi ne garkuwarsa a hanya da kasuwa, shi ya sa kakana bai taɓa yarda ya zubar da ko ɗaya ba.

A kan irin wannan ƙunci aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, ya yi karatu a Kwalejin Kaduna da Landan, ya koyar a Bauchi da Maru, sannan ya ajiye alli ya rungumi siyasa, ya zama jagoranta. Shekara da shekaru 'yan NEPU suna shan ɗauri da bulala saboda sukar zaluncin da ake yi wajen karɓar haraji da aikin tilas. Saboda haka a zukatan talakawan Kano sunan Malam da kalmar haraji sun daɗe da haɗuwa, amma a matsayin abokan gaba.

Sharaɗin da Ya Zama Tarko

Da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta shirya miƙa mulki ga farar hula, hukumar zaɓe ta FEDECO, ƙarƙashin Cif Michael Ani, ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN ta Alhaji Shehu Shagari, UPN ta Cif Obafemi Awolowo, NPP ta Dakta Nnamdi Azikiwe, GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, da PRP mai alamar makulli ta Malam Aminu Kano. Dokar zaɓe ta 1977 ta gindaya cewa sai ɗan takara ya nuna ya biya harajin kuɗin shigarsa cikakke, kuma a kan kari, na shekaru uku da suka gabaci zaɓe.

A kan wannan sharaɗi hukumar ta ce takardun mutum biyu ba su gamsar da ita ba. Na farko Azikiwe, shugaban ƙasa na farko a tarihin Nijeriya. Na biyu Malam Aminu. Azikiwe ya garzaya babbar kotu a Enugu, ta ba shi gaskiya. Shi ma Malam ta hannun kotu aka share masa hanya, ga zaɓe ya ƙarato, bayan an bar magoya bayansa cikin zullumi a daidai lokacin da ake neman ƙuri'a.

Musu ya rabu gida biyu. Masu goyon bayan hukumar suna cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wanda ke neman a damƙa masa baitulmalin ƙasa, wajibi ne ya nuna shi ma ya zuba nasa kason a ciki, kuma doka ba ta san babba ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Magoya bayan Malam kuwa suna tambaya: mene ne manufar sharaɗin tun asali? Idan an kafa shi ne domin a tace masu cin amanar dukiyar jama'a, ta yaya rariyar za ta kama mutumin da ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya, na sadarwa da na lafiya, a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ya sauka bai tara abin duniya ba? Gidansa na Gwammaja a buɗe yake, kowa ya san abin da ke cikinsa. Attajiri mai akawu da lauya ba ya rasa takarda mai tsabta. Wanda bai damu da tara dukiya ba shi ne takardunsa kan zo da gyara.

Hukuncin Akwati

Ranar 11 ga Agusta, 1979 aka kaɗa ƙuri'a. A faɗin ƙasa Shagari ya samu 5,688,857, Awolowo 4,916,651, Azikiwe 2,822,523, Malam Aminu 1,732,113, Waziri Ibrahim kuma 1,686,489. Malam ya zo na huɗu. Amma a Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, ya kwashe fiye da kashi 76 cikin ɗari, Shagari kuwa ya tsaya a kashi 19.94.

Wannan adadi ya jefa ƙasar cikin wata sabuwar taƙaddama. Doka ta ce sai mai nasara ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, Kano ce ta 13, kuma a nan ya gaza. Lauyansa, Cif Richard Akinjide, ya kawo hujjar cewa kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano ya wadatar. Ranar 26 ga Satumba mafi rinjayen alƙalan Kotun Ƙoli suka tabbatar da zaɓen, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa musu. Ashe ƙuri'un mutumin da aka so cirewa daga takara su ne suka kusa hana a samu shugaba a zagayen farko. Da an cire sunansa, da lissafin Kano ya sauya, da tarihin ma ya sauya.

A matakin jiha PRP ta ci Kano da Kaduna. Da hawansu mulki a watan Oktoba, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi da Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Daga nan gwangwanin kakana bai ƙara samun sabon rasidi ba.

Musun da Bai Mutu Ba

Takarda ta sauya suna, amma musun yana nan. Sashe na 131 na Tsarin Mulkin 1999 ya nemi ɗan takara ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa, ɗan jam'iyyar da ta tsayar da shi, mai ilimin da ya kai na sakandare ko makamancinsa, da shekaru 40, waɗanda aka rage zuwa 35 a 2018. A 2015 an shafe makonni ana ja-in-ja a kan shaidar jarrabawar da Janar Muhammadu Buhari ya zauna a Katsina a 1961. A 2019 aka ce Alhaji Atiku Abubakar ba ɗan ƙasa ba ne ta haihuwa, domin an haife shi a Jada a 1946, kafin ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ta shigo da yankin cikin Nijeriya. A 2023 takardun Bola Ahmed Tinubu na wata jami'a a Chicago suka kai har gaban Kotun Ƙoli. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun sha irin wannan a 2020, inda aka yi ta musu a kan asalin Mohamed Bazoum, kotun tsarin mulki kuma ta hana Hama Amadou tsayawa.

Abin lura shi ne, a kowane karo jam'iyya takan ga girman takarda ne idan ta abokin hamayya ce, ta manta da ita idan ta nata ɗan takarar ce. Yayin da ake wannan, tambayoyin da suka shafi manomi, wato taki, da tsaro, da farashin shinkafa da tumatir, sai su rasa mai yi.

Kammalawa

Manoman rani na Kura da Kadawa da Bunkure, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga tun bayan gina ta a 1974, sun san amfanin ƙofar magudana. In babu ita, mai ƙarfi zai janye ruwa ya bar na ƙasa da ƙishi. Amma ƙofa ba ta shaida ko ruwan da ya wuce zai rayar da shuka. Wannan sai an duba gona. Haka sharuɗɗan takara suke. Dole a kiyaye su, a kuma auna kowa da mudu ɗaya, ba a tuna da su sai an ga wanda ake tsoro ba. Sai dai cika su ba shaidar amana ba ne.

Ita ma shaidar jama'a tana da nata rauni. So kan rufe ido, kuma PRP ɗin kanta ba ta daɗe ba ta tsage gida biyu, santsi da taɓo, tun Malam yana raye. Abin da ya sa hukuncin Kanawa na 1979 ya yi nauyi shi ne ba a kan jita-jita suka gina shi ba. Shekara kusan talatin suna kallon mutumin, a kan mumbari da kan muƙami da cikin gidansa. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, gidan nasa kuma, wato Mambayya, yau cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.

Mu 'yan baya da muka tashi da takardun digiri a hannu mun fi kakanninmu iya binciken takarda. Abin da ya rage mu koya daga gare su shi ne haƙurin binciken hali: me mutum ya yi da ƙaramar amanar da aka taɓa ba shi, kuma yaya ya bar waɗanda ya mulka? Hausawa sun ce hali zanen dutse. Rasidan kakana gara tana ci, amma abin da ya shaida game da Malam har yau bai goge ba.