Daga Waken Kalaba Zuwa Allurar Bayolojik: Tarihin Maganin Lumshewar Ido A Yara

Mai karatu, idan kana da yaron da ke wayar gari idonsa garau, amma kafin la'asar fatar idon ta sauko, ko ya riƙa ganin abu bibbiyu, wataƙila likita ya ambata maka miyasteniya garabis ta ido. Garkuwar jiki ce ke kuskure, ta tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka. Iyaye kan iske ni a ɗakin magani da tambaya ɗaya: ina sabuwar allurar nan da ake faɗa? Amsar tana cikin tarihi.

Ɗaya daga cikin magungunan farko daga ƙasarmu ya samo asali. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi wa wata mai fama da cutar allurar fisostigmin, sinadarin da ake tatsa daga waken Kalaba, wake mai dafi da mutanen Efik ke shayar da wanda ake tuhuma. Fatar idon matar ta ɗaga, na ɗan lokaci. Daga wannan zuriya piridostigmin ya fito a shekarun 1950, kuma har gobe da shi ake fara wa yaro. Yana ƙara wa saƙon ƙarfi, amma ba ya taɓa tushen cutar.

Tushen ya bayyana a 1973, lokacin da Patrick da Lindstrom suka nuna a jikin zomaye cewa makaman garkuwa ne ke far wa mahaɗar jijiya da tsoka. Hakan ya ƙarfafa amfani da firednisolon. Yana aiki, ba musu, sai dai a jikin yaro bashi ne mai nauyi: yana tauye tsawo, yana kumbura fuska, yana iya kawo yanar ido.

Magungunan bayolojik, waɗanda ake sarrafawa daga ƙwayoyin halitta masu rai, sun zo ne don su nufi sashe guda na garkuwar. Rituksimab ya samu izini a Amurka a 1997, amma don wata sankarar jini. Aro masu kula da miyasteniya suka yi. Ekulizumab ya samu izini a 2017 don manya, kuma sai a 2025 Amurka ta sauko da shi zuwa yara 'yan shekara 6. A nan nake so ka tsaya: wannan izini na cutar da ta bazu a jiki ne, mai taɓa haɗiya da numfashi. Yaron da idonsa kaɗai ya kamu kullum shi ne ƙarshen layi a gwaje-gwaje. Likitan da ya ba shi rituksimab yana dogara ne da rahotannin yara ƙalilan, galibi bayan tsofaffin magunguna sun gaza ko illarsu ta yi yawa.

Ban ga laifin wannan taka-tsantsan ba. Yaran da cutar ta kama kafin balaga sun fi manya samun lafawarta. Kuma sabbin alluran, ban da tsadarsu, suna da haɗarin da ya shafe mu kai tsaye. Ekulizumab yana buɗe ƙofa ga sanƙarau, shi ya sa ake rigakafi aƙalla mako 2 kafin a fara. Mu kuwa a yankin sanƙarau muke zaune. Rituksimab yana iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ya kwanta, don haka gwajin jini wajibi ne.

Sai dai jira ma yana da iyaka. Idon ƙaramin yaro da fata ta rufe tsawon watanni yana iya rasa koyon gani har abada, kuma likitoci a Cape Town sun lura cewa yaran Afirka sun fi haɗuwa da raunin tsokar ido mai ƙin jin magani. Saboda haka ka nemi likitan ido ya riƙa auna ganin yaron tare da likitan jijiya, kada kuma ka yanke firednisolon farat ɗaya. Idan haɗiya ko numfashi ya fara yi masa wuya, asibiti za ku nufa a wannan sa'ar.