Babi Na Uku: Daga Kaset Zuwa Waya, Tarihin Satar Fasaha da Matakan Hukuma a Kano

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar haƙƙin mallaka. Wannan babi kuwa zai bi diddigin satar fasaha a harkar fina-finan Hausa, da irin matakan da hukuma ta riƙa ɗauka a kanta. An ɗauki unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a matsayin madubi saboda wurin da take. A gefe ɗaya tana maƙwabtaka da Titin Gidan Zoo, inda ofisoshin masu shirya fina-finai suka yi yawa. A ɗaya gefen kuma ga kasuwar waya ta Fam Santa a Tarauni, inda ake hada-hadar wayoyi da memori. Wato ke nan mai yin fim da mai kwafarsa maƙwabtan juna ne. Abin da babin yake son nunawa shi ne, duk lokacin da hukuma ta shirya wa wata hanyar sata, sai ta tarar satar ta riga ta sauya hanya.

3.1 Asalin Doka

Dokar haƙƙin mallaka ta farko da ta yi aiki a ƙasar nan ita ce ta Ingila ta shekarar 1911, wadda Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗo mana. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin soja ta maye gurbinta da doka mai lamba 61 ta 1970. Sai dai wannan doka ba ta kafa wata hukuma da za ta tabbatar da ita ba, hukuncin da ta tanada kuma bai taka kara ya karya ba. Mawaƙan kudancin ƙasar ne suka fi matsa lamba a kan a gyara, har suka yi zanga-zanga a 1988. A ƙarshen wannan shekara gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da doka mai lamba 47, wadda ta haifar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa. An yi wa dokar kwaskwarima a 1992 da 1999. Abin lura a nan shi ne, dokar ta riga fim ɗin Hausa na bidiyo zuwa duniya, kuma masu rubuta ta littattafai da kaset-kaset na waƙa ne suka fi tsaya musu a rai.

3.2 Zamanin Kaset

Tun kafin a fara fim ɗin Hausa, Kano tana da ƙaƙƙarfar kasuwar kaset ɗin bidiyo. 'Yan kasuwa sukan samo fina-finan Indiya da na Amurka da na Sin, galibi ta hanyar Dubai, su jera na'urorin bidiyo su yi ta gurzawa dare da rana, ba tare da iznin masu su ba. Daga Ƙofar Wambai da Bata ake rarraba su zuwa garuruwan Arewa, har Jamhuriyar Nijar da Kamaru da Gana. A wancan lokaci babu mai kiran wannan sata, domin masu haƙƙin suna can ƙetare, ba wanda ya san fuskarsu.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai masu shirya fim suka ga babu wata hanyar isa ga masu kallo sai wannan. Larkin (2008) ya nuna cewa a kan turbar da satar fina-finan waje ta shimfiɗa ne kasuwar fim ɗin Hausa ta ginu. Tsarin da aka bi shi ne, mai fim zai ba ɗan kasuwa uwar kaset, shi kuma ya buga kwalayen fim ɗin ya sayar masa. Ɗan kasuwa ne mai sayen kaset da gurzawa. Saboda haka ribar mai fim tana cikin kwali ne. Idan ɗan kasuwa ya gurza fiye da kwalayen da ya saya, ko wani a wani gari ya buga kwalin jabu, mai fim ba shi da hanyar sani. A nan ne tushen matsalar yake: wanda ake jin tsoro shi ne kuma wanda aka dogara da shi.

Duk da haka, kaset yana da nauyi da tsada. Sai an sayi na'urori, sai an jira tsawon fim ɗin kafin a sami kwafi ɗaya, hoton kuma yana dushewa idan aka gurza daga gurzajje. Waɗannan wahalhalu su ne suka riƙa kare mai fim fiye da yadda doka ta kare shi.

3.3 Faifai da Hukumomi Biyu

Bayan shigowar faifan CD a farkon shekarun 2000, wannan kariya ta kau. Faifai ba shi da tsada, kuma kwamfuta tana kwafarsa cikin 'yan mintoci. Gwamnatin tarayya ta mayar da martani da shirin STRAP, wanda Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙaddamar a 2005 domin kai samame da gurfanar da masu laifi da wayar da kan jama'a. Sai dai ƙarfin shirin ya fi karkata ga Legas, musamman kasuwar Alaba, inda manyan masu buga faifai suke.

A Kano kuwa hukumar da masu fim suka fi jin hannunta ita ce Hukumar Tace Fina-Finai ta jiha, wadda aka kafa a 2001 bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Ya kamata a bambance tsakanin hukumomin biyu. Tsarin mulkin 1999 ya sanya haƙƙin mallaka cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Hukumar jiha kuwa aikinta rajista da kula da tarbiyya. Tambayarta ita ce, shin an tace fim ɗin? Ba wai shin an biya mai shi ba. Wannan ya fito fili daga 2007, lokacin da wani hoton bidiyo da ya bazu ta wayoyin hannu ya jawo tsauraran matakai a kan masana'antar, har da kotun tafi-da-gidanka. Masu fim da mawaƙa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, alhali abin da ya faru yana nuna wani sabon al'amari: waya ta zama hanyar rarraba bidiyo wadda ba ta bi ta kasuwa ba.

3.4 Masu Tura Fina-Finai

A ƙasashen Turai da Amurka satar ta koma shafukan intanet, can kuma hukumomi suka bi ta. Kotu ta durƙusar da Napster a 2001. 'Yan sandan Suwidin sun kai samame kan The Pirate Bay a 2006, aka yanke wa mutum huɗu hukunci a 2009, amma shafin ya dawo kwanaki kaɗan bayan samamen. A watan Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload. A duk waɗannan akwai kamfani ko na'ura guda da za a iya kamawa.

A Kano abin ya ɗauki wani salo. Saboda tsadar data, mutane ƙalilan ne ke sauko da fim daga intanet, sauran jama'a kuma su karɓa daga hannunsu. Mai wannan bincike ya tashi yana ganin irin waɗannan matasa a bakin titunan Gyaɗi-Gyaɗi: tebur ɗaya, laima, kwamfuta, da jerin igiyoyin caji. Mutum zai miƙa wayarsa ko memori, ya faɗi abin da yake so, a tura masa da kuɗi kaɗan. Matan aure sukan aiko yara da sunayen fina-finai a rubuce. Da fim ya shiga waya ɗaya kuma, Bluetooth da Xender za su kai shi sauran wayoyin gidan kyauta. Fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa suka shigo ta wannan hanya, suka ƙara janye masu kallo.

Kame irin waɗannan matasa yana da sauƙi, amma amfaninsa kaɗan ne. Idan an ƙwace kwamfuta, fina-finan suna nan a ta maƙwabcinsa. Bugu da ƙari, da yawansu wannan teburi shi ne abincinsu. Sai dai wannan uzuri bai share hasarar da aka yi ba. Kasuwar faifai ta mutu, masu zuba jari suka janye, kuma waɗanda suka fi shan wuya su ne ƙananan ma'aikata, kamar masu ɗaukar hoto da masu haɗa sauti da masu kwalliya, waɗanda sai an fita aiki suke samu.

3.5 Halin da Ake Ciki

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Ita ce ta farko da ta yi tanadi a kan intanet: mai haƙƙi yana iya neman a sauke aikinsa daga shafi, hukuma kuma tana iya toshe shafin da ke satar fasaha. Amma kafin dokar ta iso, masu fim sun riga sun nemar wa kansu mafita. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta buɗe ƙofar fina-finai masu dogon zango. Daga 2020 shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina suka nuna cewa ana iya ɗora fim a YouTube kyauta, kuɗin ya fito daga tallace-tallace. Mai turi bai ɓace ba, domin duk wanda ya kalla daga memori ba ya shiga lissafin YouTube, amma bakin wuƙarsa ya ragu.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa dokar 1988 ta zo kafin fim ɗin bidiyo, shirin 2005 ya bi faifai ana dab da komawa waya, dokar 2022 kuma ta tanadi toshe shafuka alhali mafi yawan kwafar da ake yi a Kano daga hannu zuwa hannu ne. Wannan ba ya nufin doka ba ta da amfani, domin ba don ita ba mai fim ba shi da abin kai ƙara. Yana nufin samame shi kaɗai bai taɓa mayar wa mai fasaha da guminsa ba. A babi na gaba za a duba yadda su kansu masu turin suke kallon sana'arsu.