Sabunta Jinin Namun Daji

Sabunta jini hanya ce ta ceto ƙaramin garken namun daji ko tsirrai da ya keɓe, ta hanyar shigo masa da 'yan jinsinsa daga nesa, kamar yadda makiyayi ke aro bijimi. Idan barbara ta daɗe tsakanin dangi, haihuwa kan ragu, cuta ta samu ƙofa. A 1995 an kai damisa mata takwas daga Texas zuwa Florida a Amurka, ƙaramin garken damisar da ke can ya farfaɗo.

Raƙuman dawan Kure a Nijar kuwa, 49 suka rage a 1996, kuma babu wani garken irinsu da za a aro jininsa. A 2018 aka kwashe takwas zuwa gandun Gadabeji a jihar Maradi, domin kafa garke na biyu.