Ƙaunar da Ke Wanke Gyambo: Tarihin Sansanonin Kutare

A ƙarshen shekarun 1930 wata ƙungiyar mishan mai suna SIM ta karɓi riƙon sansanonin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, bisa yarjejeniya da hukumomin En'e. A lokacin babu maganin da ke warkar da kuturta yadda ya kamata. Abin da ake da shi allurar man calmugura ce mai zafi, wadda ake yi wa mutum wata da watanni. Ƙwayar dafson da ke maganin cutar ba ta bazu ba sai a shekarun 1950. Saboda haka yawancin aikin jinya ne kawai. Cutar tana kashe jijiyoyin ji, sai mace ta sauke tukunya daga murhu hannunta ya ƙone ba ta sani ba, ko ƙaya ta soki manomi a tafin ƙafa har wurin ya zama gyambo. Kowace safiya sai an jiƙa ƙafar, an kankare matacciyar fata, an wanke mikin an ɗaure.

A ganina, a nan ne ma'anar ƙauna a wurin Kirista ta fi fitowa fili. Linjilar Markus ta ba da labarin yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, Luka kuma ya kawo misalin Basamariyen da ya ɗaure raunukan baƙon da bai sani ba. Darasin shi ne a kusanci wanda ake gudu, a yi alheri ga wanda ba zai iya sāka maka ba. Hausawa ba su jahilci tausayin kutare ba, domin sadaka ta daɗe tana ciyar da su, har sarkinsu gare su a manyan birane. Sai dai sadaka ana iya miƙa ta daga nesa, wankin gyambo kuwa sai an durƙusa. Yawancin masu durƙusawar ma 'yan ƙasa ne, har da waɗanda suka taɓa jinya a sansanonin.

Masu suka suna cewa wannan alheri da ƙugiya a cikinsa, tunda Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi, aikin kuturta ne ya buɗe wa 'yan mishan ƙofa. Maganar tana da gaskiya, domin 'yan mishan ba su ɓoye burinsu na samun mabiya ba. Amma yawancin majinyatan da Musuluncinsu suka zo, da shi kuma suka zauna, ba a kuwa daina wanke musu ƙafa ba shekara da shekaru. Da lissafin riba ne ya riƙe aikin, da tuni an naɗe tabarma. Ma'aunin da Kirista ya kamata ya auna ƙaunarsa da shi ke nan: shin zai dawo gobe da ruwan ɗumi da auduga wurin wanda ya ƙi wa'azinsa jiya?