Asalin Sunayen Dangi a Ƙasar Tamil da Telugu

A can kudancin Indiya, inda ƙasa ta tsuke ta nufi teku, akwai manyan al'ummu biyu maƙwabtan juna: mutanen Tamil masu jihar Tamil Nadu, da mutanen Telugu masu jihohin Andhra Pradesh da Telangana. A ƙidayar 2011 masu harshen Telugu sun kai miliyan 81, masu Tamil kuwa miliyan 69, kuma galibinsu mabiya addinin Hindu ne. Mutanen nan gwanaye ne wajen adana tarihi a cikin suna. Sunan mutum ɗaya yakan ɗauko garinsu da mahaifinsa da sana'ar kakanninsa, har da alkawarin da gidansu ya ɗauka shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

Mafi tsufa a cikin sunayen nan shi ne wanda ba a cika rubuta shi a takarda ba, wato gotra. Dattawansu sun ce a farkon zamani an yi waɗansu masu hikima bakwai da ake kira rishi: Atri da Bharadvaja da Gautama da Jamadagni da Kashyapa da Vasishtha da Vishvamitra. Sun zauna a daji, kowannensu da garken shanunsa, 'ya'ya da almajirai suna kewaye da shi. A harshen Sanskrit asalin ma'anar gotra shingen shanu ne, saboda haka duk waɗanda suka tashi a garke ɗaya sai aka ɗauke su jini ɗaya, babu aure tsakaninsu. Har yau idan za a ƙulla aure, gotra ake fara tambaya kafin dukiya. A gidajen Brahmin, wato rukunin malamai da limaman addininsu, yaro idan zai gai da dattijo sai ya kama kunnuwansa biyu, ya jero sunayen rishin da ya fito daga tsatsonsu, ya faɗi gotrarsa da littafin Veda da gidansu ke karantawa, sannan a ƙarshe ya faɗi sunansa ya faɗi ƙasa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, a koya wa yaro cewa sunansa shi ne na ƙarshe a layi.

Akwai rishi na takwas, Agastya, wanda mutanen kudu suke ji da shi fiye da sauran. An ce dutsen Vindhya da ya raba arewa da kudu ya yi ta girma yana taƙama har ya nemi tare wa rana hanya. Da Agastya ya iso, sai dutsen ya rusuna don gaisuwa. Malamin ya ce masa ya tsaya a haka sai ya dawo, ya wuce kudu ya zauna a dutsen Podhigai, bai sake komawa ba, dutsen Vindhya kuma yana nan a rusune. Mutanen Tamil sun ce shi ya fara tsara nahawun harshensu. Wani tsohon mai sharhi, Nachinarkiniyar, ya ruwaito cewa ya taho da gidaje 18 na sarakunan Velir daga birnin Dvaraka, suka sare daji suka kafa gonaki. Daga nan manoman Vellalar suke jawo asalinsu. Waɗansu masana sun ce labarin an ƙirƙire shi daga baya don a ɗaura kudu a jikin arewa. A ganina noma ya riga Agastya zuwa bakin kogin Kaveri, amma da wuya labari ya daɗe haka in babu baƙin da suka taɓa saukowa suka zama 'yan gida.

A cikin Vellalar ɗin ne aka fi samun laƙabin Mudaliar da Pillai. Tsofaffi sun ce wani sarkin daular Chola ya haɗu da 'yar sarkin Naga, ta haifa masa ɗa namiji. Da za ta aika masa da yaron, sai ta naɗe shi da wani tsiro mai yaɗo da ake kira tondai, don ya zama shaida. Igiyar ruwa ta kawo jariri gaɓa, sarki ya ga ganyen ya gane jininsa. Yaron nan, Adondai, da ya girma sai ya ci ƙasar da ke kewayen Kanchipuram daga hannun makiyayan Kurumbar, aka sa mata suna Tondaimandalam, ya kirawo manoma ya raba musu ita. Waɗanda ya sa a gaba su ne aka kira mudali, wato na farko. Rubuce-rubucen da aka sassaƙa a jikin duwatsu tun zamanin Chola sun nuna mudali muƙami ne na manyan ma'aikatan sarki, kuma na fi yarda cewa sarauta ce da ta daɗe a gida har ta zama suna. Pillai kuwa ma'anarsa ɗa, laƙabin da aka riƙa ba makusantan fada da marubutanta. Su kuma Brahmin na Tamil sun rabu biyu: Iyer, mabiya koyarwar Adi Shankara, da Iyengar, mabiya Ramanuja masu bautar Vishnu. Duka sunayen biyu daga kalmar ayya suka fito, yadda ake kiran uba ko babban mutum.

Labarin fatake ya fi kowanne ban tausayi. Chettiar na yankin Chettinad, waɗanda ke kiran kansu Nagarathar, wato mutanen birni, sun ce asalinsu Poompuhar ne, tashar jiragen ruwan Chola a inda Kaveri ke shiga teku. Can suka yi cinikin gishiri da lu'ulu'u da duwatsu masu daraja har sunansu ya kai ƙetare. Game da dalilin tashinsu, an sami ruwaya biyu. Ɗaya ta ce teku ce ta taso ta cinye birnin. Ɗayar ta ce wani sarki ne ya ci mutuncin 'ya'yansu mata, suka rantse ba za su ƙara kwana a ƙasarsa ba. Sarkin Pandya ya karɓe su hannu biyu, suka kafa ƙauyuka 96 a wata busasshiyar ƙasa nesa da ruwa, suka kasu gida tara, kowane gida da ɗakin bautarsa. Wanda ya ga gidajensu na Karaikudi da kewaye, da dogon daɓe da matakalar da sai an hau kafin a kai ƙofa, a ƙasar da ruwan sama ma sai an yi addu'a, zai fi karkata ga ruwayar teku. Mutum ba ya gina gida a tudu haka sai in kakansa ya taɓa ganin ambaliya. Sunan Chettiar kuwa waɗansu sun ce daga shreshthi ne na Sanskrit, shugaban 'yan kasuwa, waɗansu sun ce daga etti ne, lambar girma da tsofaffin sarakunan Tamil ke ba manyan fatake. A ƙarni na 19 suka bazu Bama da Silon da Malaya suna ba da rance, kuma ɗansu Annamalai Chettiar ne ya kafa jami'ar Annamalai a Chidambaram a 1929.

Mutanen Telugu nasu tsarin daban ne. Suna da abin da suke kira inti peru, sunan gida, kuma shi ake sawa a gaba kafin sunan yanka. Galibi sunan ƙauyen kakanni ne, shi ya sa ake yawan jin ƙarshensa da palli ko uru, wato ƙauye ko gari, ko konda, wato dutse. Kamar dai yadda Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Balewa suka ɗauki sunan garuruwansu, sai dai su a can ana gadonsa ɗa da jika ko an bar garin da shekara ɗari biyar. Ga misali, a sunan Sarvepalli Radhakrishnan, shugaban Indiya daga 1962 zuwa 1967, Sarvepalli ƙauye ne a gundumar Nellore. Masu kallon finafinan kudancin Indiya da aka fassara sun san Allu Arjun. To, Allu ne sunan gida, Arjun ne nasa. Mace idan ta yi aure sai ta koma sunan gidan mijinta da gotrarsa.

A cikin sunayen Telugu babu wanda labarinsa ya kama ni kamar Recherla. An ce a zamanin Ganapati Deva, sarkin Kakatiya da ya yi mulki a Warangal daga 1199 zuwa 1262, akwai wani manomi Chevi Reddy a ƙauyen Amanagallu. Wata rana suna huɗa da baransa Recha, sai garma ta doki wata taska da aka binne. Aljanin da ke gadinta ya ce ba mai taɓa ta sai an ba da ran mutum. Maigida ya juya zai tafi, sai Recha ya tsai da shi. Shi Recha ɗan ƙabilar Mala ne, cikin waɗanda manya ke ƙyamar ko taɓa su. Ya ce ya ba da ransa, amma da sharaɗi: zuriyar maigidan ta ajiye sunanta ta ɗauki nasa har abada, kuma duk ranar da za a yi aure a gidan, sai an fara aurar da wani daga danginsa da kuɗin gidan. Chevi Reddy ya ɗauki alkawari. Da dukiyar ya tara dakaru, ya sami shiga fadar Warangal, jikokinsa suka zama sarakunan Venkatagiri da Bobbili, kuma an ce sun riƙe alkawarin auren nan zuriya bayan zuriya. Masu bin rubutun duwatsu sun ce sunan ya girmi labarin, tunda a 1213 wani sarkin yaƙi, Recherla Rudra, ya riga ya gina ɗakin bautar Ramappa, don haka sunan gari ne kawai. Mai yiwuwa gaskiyarsu ne a kan sunan. Amma gidan sarauta idan zai ƙirƙiro asali, rana da wata yake jawowa, ba ya cewa sunansa na bara ne. Tunda suka yarda suka faɗi haka da bakinsu, lalle akwai wani bashin alheri da suka kasa mantawa.

'Yan kasuwar Telugu kuma, Komati, suna da gotra 102, kuma ga dalilin adadin. A garin Penugonda an yi wani shugaban fatake Kusuma Sreshti, yana da 'ya mai suna Vasavi. Sarki Vishnuvardhana ya gan ta ya ce sai ya aure ta, ko da yaƙi. Aka tara gidaje 714 don shawara. Gida 612 suka tsorata suka tattara kayansu suka gudu, 102 suka tsaya da ita. Don kada a zubar da jinin talakawa saboda ita, Vasavi ta shiga wuta, shugabannin gidajen nan suka bi ta. Halaka kai ba abin yabo ba ne, amma abin lura shi ne al'ummar ta zaɓi ta ƙidaya kanta da waɗanda suka tsaya a ranar wuya.

Sauran laƙabai na sarauta ne da yaƙi. Reddy waɗansu sun danganta shi da daular Rashtrakuta, amma ya fi kama da tsohuwar kalmar da ake kiran mai gari da ita. Bayan rundunar Delhi ta rushe Warangal a 1323, Prolaya Vema Reddy ya kafa daularsa a 1325, sunan ya ƙara ɗaukaka. Nayaka, wato jagoran dakaru, shi ya zama Naidu a bakin Telugu, Naicker a bakin Tamil, sa'ad da sarakunan Vijayanagara suka tura sarakunan yaƙinsu su riƙe Madurai da Thanjavur.

Daga baya abin ya lalace. Laƙabin da aka ba kaka don aikinsa ya zama sandar auna wanda za a ci abinci da shi da wanda za a kora daga bakin rijiya, ƙidayar Turawan Ingila kuma ta ƙara ƙarfafa shingen. A 1929, a taron Chengalpattu, E. V. Ramasamy da ake kira Periyar ya yar da Naicker daga sunansa, jama'a suka bi shi, kuma a 1978 gwamnatin Tamil Nadu ta ba da umarnin cire irin waɗannan laƙabai daga sunayen tituna. Yau ɗan Tamil harafin garinsu da na mahaifinsa yake sawa a gaba, kamar C. N. Annadurai, wato Conjeevaram Natarajan Annadurai, idan kuma fasfo ya nemi sunan dangi sai ya cike gurbin da sunan uba. Periyar ya yi daidai, domin duk sunan da ake wulaƙanta ɗan'adam da shi gara a sauke shi. Abin takaicin shi ne labaran sun fara bin laƙaban suna ɓacewa. Mutanen Telugu sun fi dacewa, tunda sunan gida bai cika nuna fifiko ba, gari yake nunawa da alkawari. Ya kamata dattawan al'ummun biyu su ci gaba da zaunar da jikokinsu suna gaya musu inda suka fito da waɗanda suka taimaki kakanninsu, ko da ba a ƙara rubuta laƙabin a takarda ba.